Killacewa, Ƙawance da Ƙare Dangi: Amsoshi Kan Kalmomin Yaƙin Cacar Baka

Tambaya daga wani malamin tarihi a Zariya: Malam, manufar da Amurka ta bi a kan kwaminisanci bayan 1945, wasu na rubuta "murƙushewa", wasu "daƙilewa". Wacce zan koya wa ɗalibaina?

Malam, Allah ya ƙara basira. Akwai ta uku, kuma ita na fi so ka ɗauka: killacewa. Murƙushe abu shi ne a danne shi har ya daina motsi, kamar yadda ake murƙushe tawaye. Daƙilewa tare abu ne tun yana tasowa, shi ya sa ake daƙile annoba ko yunƙurin juyin mulki. Abin da aka killace kuwa yana nan da ransa, shinge kawai aka kewaya masa don kada ya ƙetare. Wannan ita ce shawarar George Kennan, jami'in ofishin jakadancin Amurka a Mosko, a doguwar wayar tangarahon da ya aika gida a Fabrairun 1946 da maƙalar da ya fitar a 1947: kada a far wa Tarayyar Sobiyet da yaƙi, a tare ta duk inda ta nemi faɗaɗa, a yi haƙuri har ta raunana daga ciki.

Dirkar farko ta shingen kuɗi ce. Ranar 12 ga Maris 1947 Shugaba Truman na Amurka ya nemi majalisa ta ba Girka da Turkiyya dala miliyan 400, daga 1948 kuma Shirin Marshall, wato tallafin Amurka na sake gina Turai, ya zuba kusan dala biliyan 13 a Yammacin Turai. Hikimar ita ce ta karin maganar nan, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yunwa da rashin aikin yi su ne tsagar, domin a lokacin jam'iyyun kwaminis na Faransa da Italiya suna da ɗimbin magoya baya. Dirka ta biyu ƙawance. An kafa NATO ranar 4 ga Afrilun 1949 da ƙasashe 12, kuma sashe na 5 na yarjejeniyarta ya ce harin da aka kai wa ɗaya an kai wa kowa. Girka da Turkiyya sun shiga a 1952. Da Jamus ta Yamma ta shiga a Mayun 1955, cikin watan Mosko ta mayar da martani da ƙawancen Warsaw na ƙasashe 8.

Ba ko'ina dirkar ta kafu ba. Ƙawancen Bagadaza na 1955 ya dogara ne da gidan sarautar Iraƙi. Da aka kifar da shi a 1958, Iraƙi ta fice a 1959, ragowar ƙawancen ya watse a 1979. Ƙungiyar ƙawancen SEATO ta 1954, wadda aka ce ta Kudu maso Gabashin Asiya ce, ƙasashe biyu kacal na yankin ke cikinta, Tailan da Filifin, ba ta kuma da rundunar dindindin. An rufe ta a 1977.

In kana son ɗalibai su ga bambancin kalmomin da idonsu, kai su Koriya. Da sojan Koriya ta Arewa suka ƙetare layi na 38 da ya raba su da Kudu a Yunin 1950 aka kore su baya, wannan killacewa ce. Da Amurka da ƙawayenta suka tsallake layin a Oktoba suka nufi kogin Yalu da ke iyakar Sin, an koma murƙushewa, nan take Sin ta shigo yaƙin. An tsagaita wuta a 1953 kusa da inda aka faro. A Hangari kuma, da tankokin Sobiyet suka murƙushe boren 1956, NATO ba ta tura soja ba, domin abin ya faru ne a cikin shinge.

Tambaya daga wata ɗaliba a Maraɗi: Malam, "cacar baki" ne ko "cacar baka"? Kuma ina cacar take, tunda an kashe mutane?

'Yata, duka biyun Hausa ce. Baka siffar baki ce da ake amfani da ita wajen bayyana hanya ko wuri, irin yadda kai ke komawa ka, zuciya ta koma zuci: ya faɗa da baka, adabin baka. Cacar baki musayar zafafan kalamai ce ba tare da an kai hannu ba. Sunan ya dace da manyan biyu kawai, tunda Amurka da Sobiyet ba su taɓa shelanta yaƙi a kan juna ba. Amma ƙorafinki gaskiya ne, kuma ina so masu rubutu su riƙa kiyaye shi. Miliyoyin mutane sun mutu a Koriya da Biyetnam, an kuma zubar da jini a Angola da Afganistan da makaman ɓangarorin biyu. Wanda zai yi magana kan waɗannan ya kira su yaƙin wakilai, kada ya lulluɓe su da sunan cacar baka.

Tambaya daga wani mai fassarar labarai a Kano: Makaman ƙare dangi da na nukiliya abu ɗaya ne? Wace karin magana ce ta dace da tserensu?

Ba ɗaya ba ne. Ƙare dangi suna ne na illa: makamin da ba ya barin mai gado a zuriya. Ya haɗa da na guba da na ƙwayoyin cuta. Nukiliya suna ne na ƙira. Duk makamin nukiliya na ƙare dangi ne, amma in labarinka na iskar guba ne ka rubuta nukiliya, ka yi kuskure.

Tseren ya fara ne da gwajin bam ɗin nukiliya na farko da Sobiyet ta yi ranar 29 ga Agustan 1949 a Kazakistan, shekara 4 bayan Hiroshima. Amurka ta gwada na haidirojin a Nuwamban 1952. A Oktoban 1961 Sobiyet ta tayar da mai ƙarfin tan miliyan 50 na nakiya, alhali na Hiroshima bai wuce kusan tan 15,000 ba. Ƙurar ta taɓa mu: bayan gwajin Faransa na uku a Reggane cikin Saharar Aljeriya, Nijeriya ta kori jakadan Faransa a Janairun 1961.

Mutane na saurin kawo "hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka". Wannan ta ƙawance ce, ba ta makami ba. Wadda ta dace ita ce "kar ta san kar", wato kowa ya san abin da ɗan'uwansa zai iya, don haka ba mai farawa. Sharaɗinta shi ne wanda aka fara kai wa hari ya kasance yana da sauran abin ramuwa, shi ya sa aka raba makaman gida uku: jiragen sama, rokoki a ramukan ƙarƙashin ƙasa, da jiragen ƙarƙashin teku masu wuyar ganowa. Rauninta kuskuren fahimta da jinkirin saƙo. A kwanaki 13 na rikicin Kyuba a Oktoban 1962, wanda ya taso kan rokokin nukiliya da Sobiyet ta girke a can, saƙon shugaban Sobiyet Khrushchev kan ɗauki sa'o'i kafin a fassara shi ya isa ga shugaban Amurka Kennedy. An rabu ne da Sobiyet ta kwashe rokokinta, Amurka ta yi alkawarin ba za ta mamaye Kyuba ba, a asirce kuma ta yarda ta janye nata daga Turkiyya. A 1963 aka shimfiɗa layin kai tsaye tsakanin Mosko da Washington. Ka kiyaye a fassararka, kada ka ce "jar tarho": na'urar buga rubutu ce, ba wayar magana ba.