Ɗana na koyon aikin jarida a sojan ruwan Amurka, na saka labarinsa a WhatsApp ya yi fushi

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni uwa ce, ina zaune a Bronx, birnin New York. Yaron nawa na fari ya gama horon farko a sansanin sojan ruwa na Great Lakes, yanzu wata na biyar ke nan yana sansanin Fort Meade yana kwas ɗin MC, wato aikin jarida da ɗaukar hoto na sojan ruwa. Makon jiya ya turo min hotonsa cikin kaki riƙe da kyamara, na saka a rukunin danginmu na WhatsApp, na rubuta sunan jirgin ruwan da za a kai shi a tashar Norfolk, na ce ana sa ran za su tashi bayan Sallah, a taya shi da addu'a. Da ya gani ya kira ni ransa a ɓace, ya ce in goge yanzu-yanzu kafin in jawo masa masifa. Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Maƙwabciyata ta ce in kwantar da hankalina, wannan doka ta masu bindiga ce, ɗan jarida ai yaɗa labari ne aikinsa. Shin na ɓata masa aiki? Kuma in wani abu ya faru a gida, ta ina zan same shi?

AMSA

Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki yi barcinki. Hoton yaro cikin kakinsa ba laifi ba ne, kuma saƙo ɗaya da aka goge da wuri da wuya ya ɓata masa aiki. Abin da ya tayar masa da hankali shi ne haɗa sunan jirgi da lokacin tashi a layi ɗaya. Ki goge ta hanyar da ke goge wa kowa, ba ke kaɗai ba. In lokacin yin hakan ya wuce, ki roƙi mai kula da rukunin da duk wanda ya tura gaba su goge, sannan ki gaya wa yaron gaskiyar yawan mutanen da ke ciki, domin in akwai buƙatar ya sanar da malaminsa, gara a ji daga bakinsa.

Amma maganar maƙwabciyarki, ita ce zan tsaya a kai, domin wannan fahimta ta yi wa iyayen 'yan MC katutu, kuma ta fi kowace cutar da yaran.

Ɗanki ba ɗan jarida ba ne irin na gidan rediyo. Soja ne da aka ba kyamara. Tun ranar 1 ga Yuli 2006 da aka haɗe sana'o'i huɗu, wato rubutun labari, ɗaukar hoto, ɗab'i da zane, aka mai da su MC, ba a taɓa cire mai wannan aiki daga dokar soja ba. Ko a dokokin yaƙi na Geneva, kariyar farar hula ta ɗan jarida farar hula ce. Wanda ke cikin kaki soja ne kamar kowane soja. A jirgi zai yi gadi, zai shiga atisayen kashe gobara, kuma duk lokacin da wani kwalekwale ko jirgin da ba a sani ba ya matso, za a kira tawagar da suke ce wa SNOOPIE ta amsa-kuwwa, ya ruga sama da doguwar kyamara ya ɗauki lambar jirgin da tutarsa da abin da ke kansa. Wannan hoton na jami'an leƙen asiri ne, ba na Facebook ba.

Abin da mutane ba su gane ba shi ne, hoton da ya ɗauka da kyamarar gwamnati ba nasa ba ne. Daga katin kyamara zai zaɓa, ya gyara haske, ya rubuta bayanin hoto, ya sa masa lambar shaida mai ɗauke da kwanan wata, da harafin N na sojan ruwa, da lambarsa ta mai ɗaukar hoto. Daga nan hoton ya tafi wurin jami'in hulɗa da jama'a, wanda zai auna shi da ma'auni huɗu: tsaro, sahihanci, dacewa da kuma manufar rundunar. Allon na'ura ya fito a bayan wani? A ajiye. Katin shaida na rataye a ƙirjin wani ana iya karantawa? A ajiye. Taswira a bango? A ajiye. Sai wanda ya tsallake duk wannan ake sakin sa ga duniya. To mutumin da kullum ake koya masa wannan tankaɗe da rairaya a makarantarsu ta DINFOS da ke Fort Meade, shi ne za a ce doka ba ta hau kansa ba? Shi ta fi hawa. Bakaniken jirgi da ya yi suɓul da baka ana iya cewa bai sani ba. Ɗan MC ba shi da wannan uzuri, domin abin da ya ci jarrabawa a kai ke nan.

Wani zai ce, to wa zai damu da rukunin dangi? Hajiya, ki buɗe rukunin ki ƙirga. Mutum 80 ne ko 150? Lambobi nawa ne ba ki san masu su ba? Nawa ne suka sayar da wayar ko suka bar layin ya koma hannun wani? Magana zarar bunu ce. Ƙanwar miji za ta ɗauka ta sa a sitatus da kyakkyawar niyya, ɗanta ya kwafa ya kai Facebook, kafin la'asar saƙon da aka rubuta a Bronx ya zaga Kumasi da Maraɗi da Kano. Kuma mai neman jirgi ba ya buƙatar takardar sirri. Wannan uwa ta faɗi wata, waccan matar aure ta faɗi rana, wani uba ya faɗi tashar da za a ya da zango, shi nasa haɗawa ne kawai.

Ba tsoratarwa ba ce. Ranar 12 ga Oktoba 2000 jirgin USS Cole ya tsaya shan mai a tashar Aden ta Yaman, ƙaramin kwalekwale maƙare da bama-bamai ya matso gefensa, sojoji 17 suka mutu. Jirgi a tasha shi ne jirgi a halin rauni, shi ya sa ake ɓoye ranar shiga da fita. A 2007 a Iraƙi, wasu sojoji sun ɗauki hotunan sababbin jirage masu saukar ungulu suka sa a intanet, bayanin wurin da ke maƙale a cikin hotunan ya nuna daidai inda suke, aka yi ruwan bama-baman mortar aka lalata jiragen Apache huɗu. A Maris 2015 wasu masu iƙirarin alaƙa da ISIS sun wallafa sunaye da hotuna da adireshin gida na sojojin Amurka 100. A Janairu 2018 taswirar manhajar motsa jiki ta Strava ta tona siffar sansanoni a Siriya da Afganistan, daga gudun safe kawai. Kuma daga ƙarshen 2023 jiragen da suka tashi daga Norfolk sun shiga tekun Bahar Maliya inda 'yan Houthi suka riƙa harba makamai masu linzami. Jirgin da ake maganar kai ɗanki yana iya bin wannan hanya.

Akwai jarrabawar da ke jiran iyalai irin naku musamman. Jiragen Amurka kan zo mashigin tekun Gini, ana atisayen Obangame Express da sojojin ruwan Najeriya da Ghana da maƙwabtansu, wani lokaci jirgi ya tsaya a Legas ko Tema. Ranar da kika ji ƙishin-ƙishin haka, zuciya za ta ce a kira kawunsa ya je tasha ya gan shi, a kai masa kilishi. Kada ki yi. Kiran nan ɗaya ya ƙunshi sunan jirgi da tasha da rana, duk ukun da ake ɓoyewa.

Hukunci kuma ba a kanki zai faɗo ba, ke farar hula ce. Za a tambayi wanda ya gaya miki. Saɓa umarni laifi ne a sashe na 92 na kundin dokar sojan Amurka, kuma kwamanda na iya zama a kansa ba tare da kotu ba: a rage masa igiya, a yanke rabin albashi na wata biyu, a hana shi fita har kwana 60. Mafi muni, aikin MC yana tafiya da takardar amincewa ta ganin bayanan sirri. In ta faɗi, kyamarar ma ta faɗi. Tunda mun zo nan, in mai binciken wannan takarda ya tambaye ku game da dangi a ƙasashen waje, ko kuɗin da ake aikawa gida, ku faɗi gaskiya tsaf. Samun dangi a Zinder ko Tamale ba laifi ba ne. Ɓoyewa ce ke kayar da mutum, kuma masu ba da shawarar a yi shiru ba su ne za su rasa aiki ba.

Yanzu abin da ya halatta miki, kuma yana da daɗi. Akwai shafin gwamnati mai suna DVIDS inda ake zuba duk hoto da bidiyo da labarin da aka saki. In ya fara aiki, ki rubuta sunansa a wurin bincike, za ki ga hotunan da ya ɗauka da sunansa a ƙasa. Waɗannan ki yaɗa son ranki. Ƙa'idar mai sauƙi ce: abin da rundunar ta riga ta sanar, kuma ya riga ya wuce, naki ne. Abin da bai faru ba tukuna, na rufewa ne. “Yana lafiya, a ci gaba da addu'a” ya ishi kowa, Allah ya san sunan jirgin. Hoton da ya turo miki ta waya kuma, ki tambaye shi kafin ki tura, ki duba bayansa, kuma kada ki aika shi a matsayin fayil, domin ta wannan hanya bayanin wuri ba ya gogewa.

Batun gaggawa. Ba ofishin makaranta ake kira ba. Ya haura shekara 18, dokar sirrin mutum ta hana su ba ki bayaninsa yadda kike so, sai dai ki ɓata lokaci. Ƙungiyar Red Cross ta Amurka ake kira a 1-877-272-7337, dare ko rana. Ki tanadi cikakken sunansa, muƙaminsa, ranar haihuwa ko lambar Social Security, adireshin rundunarsa, da sunan asibiti da lambar likita in rashin lafiya ce. Su za su tabbatar da labarin su aika wa kwamandansa, kwamandan ne ke da ikon ba da hutu. In abin a gida Afirka ya faru, tabbatarwa kan ɗauki lokaci, don haka ki nemo lambar da za a samu likitan kai tsaye. Kuɗin tikiti in ya gagara, shi yaron zai nemi rancen da ba ruwa daga ƙungiyar agaji ta Navy-Marine Corps Relief Society. Ki kuma sa ya tabbatar sunanki da adireshinki na yanzu suna kan fom ɗin bayanan gaggawa na DD 93, kuma in ya isa jirgi ya ba da sunanki ga ombudsman, 'yar sa-kai da ke tsakanin kwamanda da iyalai, tsarin da Admiral Zumwalt ya kafa a 1970. In bai sa sunanki ba, ba za ta gaya miki komai ba.

Sannan 'yan damfara. Su ma hoton kaki da sunan jirgi suke nema, su buɗe shafi da fuskar ɗanki, ko su kira ki su ce a biya kuɗin fom ɗin hutu, ko kuɗin magani, ko na sakin kaya. Ƙarya ce daga farko har ƙarshe. Hutu kwana 30 ne a shekara, biyu da rabi kowane wata, ba a biyan ko sisi. Maganinsa kyauta ne. Mummunan labari irin na rasuwa, Allah ya kiyaye, jami'i ne cikin kaki ke zuwa har ƙofar gida, ba saƙon murya ba. In kuma ya yi shiru mako biyu ko uku a teku, sau da yawa kwamanda ne ya katse sadarwa, abin da suke kira River City. Ba lokacin bin masu duba ba ne ko masu cewa sun san wani babba a Pentagon.

Kwas ɗin nasa kwanakin karatu 108 ne, kusan wata shida, kuma wanda ya faɗi wani sashe ana iya mai da shi ajin baya, ranar yaye ta matsa. Kada ki kama ɗakin otal ko tikitin da ba a mayar da kuɗinsa sai ya tabbatar miki da ranar. In akwai mai zuwa bikin da ba ɗan ƙasa ba ne, ko wanda ya zo da biza, a ba yaron sunansa da bayanan fasfonsa tun yanzu, domin tantance shiga Fort Meade ta fi daɗewa a kansu, kuma an sha barin kaka ko kawu a bakin ƙofa. In kin kira shi a ƙarshen makon nan, ki ce masa kin goge, kin kuma gane dalili, sannan ki tambaye shi hoton da malaminsa ya fi yabawa.