Allurar Sakin Tsoka da Bugun Zuciya a Ɗakin Tiyata

TAMBAYA: Likita, ina koyon aikin jinya a ɗakin tiyata. Na lura idan aka yi allurar sakin tsoka, wani mara lafiya bugun zuciyarsa ya ragu, wani kuma ya ƙaru. Ba aiki ɗaya magungunan ke yi ba? Daga wata ɗaliba.

AMSA: Malama, a tsoka aikinsu ɗaya, amma a zuciya kowanne da halinsa. Sinadarin asetilkolin da jijiya ke umartar tsoka da shi, da shi ne kuma jijiyar bagus ke rage wa zuciya gudu. Shi ya sa maganin da aka nufi tsoka da shi kan shafi zuciya.

Wanda ya fi bukatar sa ido shi ne suksametoniyam, da ake bayarwa miligiram 1 zuwa 1.5 a kowane kilo na nauyin jiki. Kwaikwayon asetilkolin yake yi, don haka yana iya sassauta bugu ƙwarai, musamman ga yara, ko ga babba idan aka ƙara allura ta biyu cikin kusan minti biyar. Kada a taɓa shi sai atirofin, maganin da ke ɗaga bugun zuciya, na zuƙe a sirinji: miligiram 0.02 a kowane kilo ga yaro, 0.5 zuwa 0.6 ga babba. Yana kuma ɗaga fotasiyam na jini da kusan milimol 0.5 a lita. Ga mai lafiya ba komai ba ne. Amma ga wanda ya yi mummunar ƙuna kwana biyu ko fiye da suka wuce, ko mai raunin laka, ko yaro mai ciwon lalacewar tsoka, fotasiyam kan yi tashin da zai tsayar da zuciya.

Fankuroniyam kuwa toshe bagus yake yi, sai bugu ya ƙaru; bai dace da mai ciwon jijiyoyin zuciya ba. Atarakuriyam na sa jiki ya saki histamin, sinadarin da ke buɗe jijiyoyin jini, idan aka tura shi da sauri, matsin jini ya sauka, fata ta yi ja, zuciya ta ƙara gudu don ta rama. A tura shi a hankali cikin minti ɗaya. Bekuroniyam da rokuroniyam kusan ba ruwansu da zuciya, sai dai idan fentanil, maganin kashe zafi, ya rage bugu, bekuroniyam ba zai hana raguwar ba.

A ƙarshen aiki ma akwai tarko. Niyostigmin da ke warware sakin tsoka na rage bugu, shi ya sa ake haɗa miligiram 2.5 nasa da gilikofirolet 0.5 ko atirofin 1.2 ga babba, domin su hana bugu faɗuwa.

Kafin ki ɗora wa magani laifi, ki duba iskar oksijin, domin ƙarancinta ne abin zargi na farko idan bugun yaro ya faɗi. Idan kuma bugu ya tashi tare da gumi da hawaye, gaya wa likitan barci nan take: waɗannan allurai ba sa sa barci, ba sa kashe zafi, mai yiwuwa mara lafiya yana ji amma ya kasa motsi.