Ina jinyar mahaifiyata a Ingila, akwai wani tallafi?

Tambaya: Salam Anti, ni dai a Manchester nake zaune, shanyewar ɓarin jiki ta kama Mama, na rage aiki saboda ita, wanka da canza mata famfas duk ni ce. Wai gwamnati na ba irinmu wani abu? Daga wata ƴar uwa.

Amsa: Wa'alaikissalam ƴata, Allah ya ba Mama lafiya ya saka miki. Eh akwai, Carer's Allowance sunansa, wato tallafin masu jinya, a Afrilun 2025 fam 83.30 ne a sati, gaskiya bai taka kara ya karya ba amma ki karɓa. Sai kina kula da ita aƙalla awa 35 a sati, ita kuma tana karɓar tallafin naƙasa irin su Attendance Allowance ko ɓangaren hidimar yau da kullum na PIP. To ga tarkon, albashinki kar ya wuce iyakar da aka sa, wadda a Afrilun 2025 fam 196 ce a sati bayan an cire haraji, ko fam ɗaya kika haura kuɗin satin nan gaba ɗaya sun tafi, kuma wallahi sai an bi ki bashi, don haka kina yin obataim ki sanar da su. In takardar zamanki ta hana cin tallafin gwamnati kuwa, ki ga lauya kafin ki cike fom.