Ƙwarangwal Bakwai Da Hannun Mutum Ɗaya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Wani abokina ya ara mini faifan DVD mai suna Ray Harryhausen: Special Effects Titan, wai tarihin uban masu haɗa dodanni a fim ne. Ko minti ashirin ban yi ba na kashe. Manyan daraktoci sai zuba masa kirari suke yi, ni kuwa dodannin da ake nunowa tafiya suke suna karkarwa kamar masu jin sanyi. Ko ƙannena sun gane roba ce. Don Allah ina abin yabon yake? In ƙarasa, ko in mayar wa mai shi abinsa?

AMSA: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada ka mayar tukuna. Idonka bai yi ƙarya ba, roba ce, kuma suna karkarwa. Abin da ba ka sani ba shi ne daga ina karkarwar ta fito.

Fim hotuna ne tsayayyu, guda 24 a kowace daƙiƙa. Idan mutum ya wurga hannu a gaban kyamara, kowane hoto yakan fito da ɗan dishi-dishi, wannan dishin ne ke sa ido ya ga motsin ya tafi sumul. Dodon Harryhausen kuwa a tsaye yake cak lokacin da ake ɗaukarsa. 'Yar tsana ce, yawanci ba ta wuce kamu biyu ba, ƙashinta na ƙarfe mai gaɓoɓi, an lulluɓe shi da roba mai laushi. Ya ɗan lanƙwasa mata hannu, ya ɗauki hoto ɗaya, ya sake lanƙwasawa, ya sake ɗauka. Kowane hoto tar yake, babu dishi, sai ido ya ga kamar ana fizge-fizge.

To yanzu ɗauki faɗan nan na fim ɗin Jason and the Argonauts na 1963, inda ƙwarangwal bakwai suka tsago ƙasa da takubba suka far wa mutum uku. Kowane ƙwarangwal yana da kai, hannu biyu, ƙafa biyu. Bakwai sau biyar, 35 ke nan, duk sai ya taɓa su kafin hoto ɗaya, kuma dole takobin kowanne ya sauka daidai inda garkuwar ɗan wasan take, alhali an ɗauki 'yan wasan tun tuni suna saran iska. Akwai ranar da hoto 13 kawai yake samu, wato rabin daƙiƙa da ɗoriya. Wata huɗu da rabi ya yi a kan faɗan da ba ya wuce 'yan mintoci. Babu allon da zai duba ya ga abin da ya yi ɗazu. Sai an wanke fim. In aka buga waya hankalinsa ya ɗauke, ya manta ko hannun sama yake zuwa ko ƙasa, aiki ya ɓaci. Kuma kusan kullum shi kaɗai ne a ɗakin.

Yadda yake cusa dodon tsakiyar mutane ma dabara ce. Yakan haska hoton 'yan wasa a wani ƙaramin allo bayan 'yar tsanar, ya sa gilashi a gaba ya shafe ƙasan da baƙin fenti, ya ɗauka. Sannan ya mayar da fim baya, ya rufe sama, ya cike ƙasan da aka ɓoye. Sai ka ga dodo ya ɓullo ta bayan dutse yana taka ƙasa ɗaya da mutane. Wannan ce suka laƙaba wa Dynamation a fim ɗin Sinbad na 1958, shi dai Sinbad ɗin da ka sani na Dare Dubu Da Ɗaya.

Mutumin ɗan Los Angeles ne, haihuwar 1920. Fim ɗin King Kong, na wani ƙaton gwaggon biri, ya gani a 1933 ya tafi da hankalinsa, daga baya ya zama almajirin Willis O'Brien wanda ya motsa gwaggon birin. Abin da ya fi burge ni a tarihinsa aikin gida ne: mahaifinsa ke ƙera ƙasusuwan ƙarfen, mahaifiyarsa ke ɗinka wa 'yan tsanar tufafi. Kuɗi ma ba su cika isa ba. A wani fim na 1955, dabbar tekun da ta kama gadar San Francisco ya kamata ta zama mai hannu takwas, shida ya yi mata, ya riƙa ɓoye gibin a cikin ruwa.

Inda na ba ka gaskiya shi ne kirarin. Gilles Penso, Bafaranshen da ya shirya faifan a 2011, ya tara manyan daraktoci su Spielberg da James Cameron da Peter Jackson, kowa ya zo ya ce shi ne ya sa ni shiga fim. Ka ji daga bakin mutum biyu, ka ji duka. Daɗin yana wurin tsohon da kansa, yana da shekara casa'in a duniya, yana bayani a natse, da tsofaffin gwaje-gwajensa na ƙuruciya. Ya rasu a Landan a 2013, shekara biyu bayan fitowar faifan.

Ga shawarata. Tunda a gida kake, maɓallin tsayarwa na hannunka. Nemi fim ɗin Jason, je wurin Talos, ƙaton gunkin tagulla. Dubi yadda yake juyo da kai a sanƙare, da gangan aka yi, ai tagulla ce. Da Jason ya kwance masa murfin diddige ruwan ransa ya fara tsiyaya, sai gunkin da ba shi da huhu ya kai hannu ya riƙe maƙogwaro. Tsayar da shi nan, ka riƙa matsawa hoto ɗaya-ɗaya, ka ƙirga nawa aka ɗauka kafin yatsun su kai wuya.