Tambaya da Amsa: Wai da gaske ana mayar da kwal iskar gas?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Ni ɗalibi ne daga Gombe, ina karanta kimiyyar sinadarai, kuma kusan duk sanda zan je gida sai na ci karo da manyan motoci sun ɗauko kwal daga Maiganga. Malaminmu ya ce ana iya mayar da kwal ya zama gas har a yi taki da man mota da shi, amma duk inda na duba sai in ga ana ta maganar ƙaramar masana'antar gwaji. To abin da aka daɗe da sani me kuma ake ta gwadawa? Me zai hana a gina babba kawai a huta?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Malaminku ya yi gaskiya, kuma abin tsoho ne sosai, tun 1807 aka haska wani titi a Landan da gas ɗin kwal.

Ka taɓa tsayawa wajen mai tsire da daddare ka lura da wata 'yar wuta shuɗiya da ke rawa a saman garwashi? To wannan ba gawayin ba ne yake ci kai tsaye, iska ce ta fito daga cikinsa saboda a ƙasan tulin iskar shaƙa ba ta isa ba, sai da ta hau sama ta samu sarari sannan ta kama. Injiniyoyi abin da suke yi ke nan da gangan. Su niƙa kwal, su tura shi cikin wata rufaffiyar tukunyar ƙarfe da aka lulluɓe cikinta da abin da ke jure zafi, su ba shi oksijin ɗan kaɗan wanda ba zai ishe shi ya ƙone ƙurmus ba, su haɗa da tururi, zafin a wasu tukwanen yakan haura digiri 1,400. Abin da ke fitowa kabon monoksaid ne da haidirojin. Da wannan haɗin ake juya injin lantarki, da shi ake yin amoniya a samu takin yuriya, da shi kuma ake yin man mota ta hanyar da Jamusawa biyu, Fischer da Tropsch, suka gano a 1925.

Yanzu ga ainihin tambayarka. Lissafin sinadaran ba shi ake gwadawa ba, wannan an gama shi tuntuni. Kwal ɗin ake gwadawa, da tukunyar. Kwal ba iri ɗaya ba ne, wani ruwa ya yi masa yawa, wani farar wuta, wani kuma toka, kamar na Indiya da tokarsa kan kai kashi 40 cikin ɗari. Kuma tokar nan ita ce fitinar, domin a irin wannan zafi narkewa take ta zama kamar kashin maƙera, in ta gangara ƙasa salin alin to madalla, in kuwa ta yi kauri ta daskare a bakin mafita sai a kashe komai a jira ya huce a shiga a fasa, kwana da kwanaki ba aiki. Wannan ba a gane shi a takarda ko a kwalbar ɗakin gwaji, sai an kunna abu ya yi sa'o'i dubbai yana aiki an ga inda ya tsage da inda ya toshe. Matar da ta iya tuwon mutum biyar ai ba a ɗora mata tukunyar biki rana ɗaya.

Dubi yadda kamfanin Shell ya bi. A 1976 suka fara da wata 'yar ƙarama a Amstadam mai cin tan 6 na kwal a rana, wato ko rabin tifa bai kai ba. A 1978 suka gina mai cin tan 150 kusa da Hambog a Jamus, a 1987 mai cin tan 250 a wajen Hostan ta Amurka, sannan ne fa aka gina ta Buggenum a ƙasar Holan mai cin tan 2,000 a rana, wadda ta riƙa ba da wuta wajen megawat 250. Kusan shekara 18 daga ta farko zuwa ta kasuwa, kuma kamfani ne da kuɗi ba matsalarsa ba.

Wanda kuma abin ya ba kunya shi ne aikin Kemper a jihar Misisifi. An gwada fasahar a ƙaramar masana'anta a Alabama ta yi kyau, sai aka yi tsalle aka gina ta megawat 582. Kuɗin da aka ce da farko bai kai dala biliyan 3 ba, ya tashi ya koma 7.5, bututun sanyaya gas suka riƙa yoyo, fitar da toka ta riƙa ba da wahala, ga gas na rijiya, wato wanda ake haƙowa daga ƙarƙashin ƙasa, ya yi arha a Amurka. A 2017 aka haƙura, tashar ta koma ƙona gas na rijiya. Ka ga ko an yi gwajin ma, in tazarar ta yi faɗi sai a faɗa rami.

Batun mu gina a nan kuwa, ni dai ra'ayina ba na ganin ribar a yanzu. Waɗanda suka rungumi abin da gaske dole ce ta sa su. Afirka ta Kudu ba ta da mai sai kwal, ta kafa kamfanin Sasol a 1950, takunkumin zamanin wariyar launin fata ya ƙara tura ta ta gina masana'antar garin Secunda. Sin kwal gare ta jibge, gas kaɗan. Mu kuwa gas ɗinmu har ƙona shi ake a banza a Neja Delta, kuma masana'antar takin Dangote da gas na rijiya take aiki. Ga shi mayar da kwal gas yana shan ruwa sosai, yana fitar da hayaƙin da ke ɗumama duniya. Amma ƙaramar ta gwaji a jami'a, a ɗebo na Maiganga da na Okaba da na Inugu, har da na Anu Araren da kamfanin Sonichar ke haƙa a jihar Agadas ta Nijar, a ga halin tokar kowanne, wannan kam ina goyon baya, kuma irinku ne za ku yi aikin.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni uwargida ce daga Zariya, kuɗin gas ya ishe mu wallahi. Na ji ana hira a kan gas ɗin kwal, shin za a iya ɗura mana shi a silinda mu yi girki?

AMSA: A'a Hajiya, ba iri ɗaya ba ne. Na silindarki ana matsa shi ya zama ruwa, shi ya sa kike jin yana motsi in kin girgiza, wannan kuwa ba ya zama ruwa haka, kuma kabon monoksaid ɗin da ke cikinsa shi ne gubar nan da ke kashe mutane in sun kwana da janareta ko kaskon garwashi a rufaffen ɗaki. Ingila ta daɗe tana tura shi gidaje ta bututu, ya ci rayuka da dama, daga 1967 zuwa 1977 aka bi gida gida aka canza murhuna zuwa gas na rijiya. Ana iya ƙara sarrafa shi ya zama mai aminci, akwai masana'antar da ke haka a Dakota ta Arewa tun 1984, amma ta bututu ake tura nasu, kuma wannan aikin ba ƙaramin kuɗi yake ci ba.