Kayan da suka yi wa yara kaɗan

'Yata, saƙonki ya iso. Ina fata kuna lafiya, ke da maigidan da angona da kishiyata. Kin ce kayansu sun yi musu kaɗan har sun cika jaka, kina son ki yayyanka ki ɗinka wani abu, sai maƙwabciya ta ce ba a sa almakashi a rigar yaro, wai ciwo yake jawo masa. Kina tambaya ko haka al'ada take.

Camfi ne kawai. Ai ya tabbata a hadisi cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yanka labule ta yi matashi da shi. Abin da iyayenmu suka ƙi shi ne a watsar da rigar yaro a bola, don gudun kada mai mugun nufi ya tsinta ya kai wa boka. Ni ban ɗauki wannan da zafi ba, amma shi ya sa tufa ba ta barin gida sai ta ƙare ƙarƙaf.

Sai dai akwai tsari, kuma nan ne nake so ki kula. Kwance shi ne farko. Duk rigar da wani yaro zai iya sawa, ba ta almakashi ba ce. Ki wanke, ki goge, ki ninke, ki ba ƙannensu ko 'ya'yan dangi, ko almajirin da ke yi miki aike. A ɓoye ake bayarwa, a ƙunshe cikin zani, ba a tsakar gida ana kallo ba. Kada kuma wata rana ki ga yaron sanye da ita ki ce "ai ta wane ce". Wannan gori ne, ya ɓata ladan.

Wadda ta yage ko ta koɗe, ita ce taki. Lokacin da muke tasowa masaƙun Kaduna na aiki, tun daga masaƙar KTL da aka buɗe a 1957, atamfa kuwa auduga ce zalla, tana tsufa tana ƙara laushi. Da irinta ake naɗe jariri kafin suna, ba da sabon yadi mai kauri da zai goge masa fata ba. Ƙyallaye masu faɗi a haɗa su a yi majanyi ko rigar matashi. Ƙanana a yayyanka siri-siri a cusa cikin matashin, in babu audugar rimi. Dogaye a murɗa gammo, ko a yi mazagin wando. Kakarki takan zauna bayan la'asar da allura da zare, ta naɗe tsumma ta yi wa 'yan mata 'yar tsana, ta kitsa mata gashi da baƙin zare. Maza su kuma su cusa ragowar a tsohuwar safa, ga tamaula ta samu.

Yanzu fa sai kin duba yadi. Yawancin kayan kanti da na gwanjon Kofar Wambai roba ce a ciki. Ki zari zare ɗaya ki kusantar da ashana: in ya zama toka, auduga ce, in ya narke ya dunƙule, roba ce. Kada ki yi tsumman sauke tukunya da mai roba, narkewa zai yi ya manne miki a hannu. Shi a yanka shi tsiri-tsiri, a soka cikin ramukan buhu a ƙulla, ya zama abin goge ƙafa na bakin ƙofa. Wandon jins kuwa ki kai wa tela ya fitar miki da jakar Islamiyya, aljihun baya ya zama wurin fensir.

Kafin ki yanka komai ki cire maɓallai da zif ki tara a gwangwani. In za ku zo hutu ki taho da jakar gaba ɗaya mu tantance tare, idona bai ga ramin allura yanzu, amma hannuna ya san auduga. Ki gaida maigidan.

Gwaggonki