Baƙo ya ce birni ya yi, ɗan gari ya ce ya lalace: wa ke da gaskiya?

Malam, ka ce aiki ne ya kai ka babban birni, ko shekara ba ka cika ba, kuma garin ya kwanta maka a rai. Amma abokan aikinka da aka haifa a can kullum zancensu ɗaya, wai ba ka zo lokacin da gari ke gari ba, yanzu sai cunkoso da tsada da baƙin fuska. Kana so ka san ko kai ne ba ka gani, ko su ne ƙorafi ya zame wa jiki.

Na yi baƙunta a birni, na kuma daɗe har na zama cikin masu cewa "da nan fili ne". Abin da zaman ya koya mini shi ne, kai da su ba abu ɗaya kuke aunawa ba. Kai kana auna birnin da inda ka baro: can aiki ya yi wuya, nan ka samu, can asibiti da nisa, nan ga shi kusa. Su kuwa suna auna shi da shi kansa na shekaru 20 ko 30 da suka wuce. Kai kana lissafin abin da ka samu, su suna lissafin abin da ya ɓace, kuma lissafin kowa daidai ne a kan littafinsa.

Wani masanin harkar kamun kifi, Daniel Pauly, ya yi bayanin irin wannan a 1995. Ya lura cewa kowane rukunin masana yakan ɗauki yawan kifin da ya tarar a teku lokacin da ya fara aiki a matsayin yadda teku take tun asali, daga nan yake fara ƙirga raguwa. Na bayansu su ma su fara daga abin da suka tarar. Haka muke yi wa birni. Ranar da ka sauka da jakarka, ita ce ranar da birnin ya fara a wajenka. Gadar saman da abokinka ke tsine wa saboda ta cinye filin da suka yi ƙwallo, kai ka same ta a tsaye, a idonka tana cikin halittar garin. Ba ka da abin da za ka yi kewa a wurin. Bari a rushe shagon da ka saba zama bayan an tashi aiki, a dasa bene, sannan za ka ji bakinka ya fara furta irin maganarsu.

Ga wani gwaji da nake yi, kuma bai cika ba ni kunya ba. Tambayi mai ƙorafin wace shekara garin ya fi daɗi, sai ka lissafa shekarunsa a lokacin. Galibi za ka same shi tsakanin 15 da 25. Lokacin ba shi ke biyan haya ba, gwiwarsa ba ta ciwo, iyayensa na raye, abokansa duk suna unguwa ɗaya. Wani kaso na abin da yake kira lalacewar gari, ƙuruciyarsa ce ta tafi. Kada dai ka faɗa masa haka a gaban mutane.

Dubi Paris. Manyan titunan nan masu faɗi da gidaje iri ɗaya a jere, waɗanda masu yawon buɗe ido ke ɗauka su ne tsohon birnin, aikin wani jami'in gwamnati ne mai suna Haussmann, wanda sarkin Faransa Napoleon na Uku ya ɗora a kan aikin a 1853 ya riƙe har 1870. Sai da aka rushe tsofaffin unguwanni masu lunguna, aka tashi dubban talakawa zuwa gefen gari, kafin a shimfiɗa su. 'Yan garin na wancan zamani da yawa sun yi kukan cewa an kashe musu birni. Hasumiyar Eiffel ma, a 1887 tana cikin gini, fitattun marubuta da masu zane da magina na birnin suka sa hannu a takardar ƙin amincewa, suna ganin ta mummunan ƙarfe da zai ɓata fuskar gari. Aka gama ta a 1889, da izinin tsayuwa na shekara 20 kawai, amfaninta wajen aika saƙon rediyo na cikin abin da ya cece ta. Yau je ka ce wa ɗan Paris za a cire ta ka ga.

To amma kada wannan ya sa ka ɗauka duk kukan ɗan gari kewa ce kawai. Nan ne baƙi da yawa ke yin kuskure, kuma nan ne na fi so ka tsaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A New York an fara rushe tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Pennsylvania a 1963, ginin da aka buɗe a 1910. Waɗanda suka yi zanga-zanga a lokacin ba su da yawa, kuma ba a saurare su ba. Bayan an rushe ne aka gane girman asarar, har birnin ya kafa dokar kare gine-ginen tarihi a 1965. Masu kukan ne suka yi gaskiya. Birnin Venis na Italiya kuma, a farkon shekarun 1950 mazauna tsakiyar tsohon birnin sun haura 170,000, a 2022 suka faɗo ƙasa da 50,000. Baƙon da ya je yau zai ga gari cike da mutane, ya ce ai ga rai nan. Ɗan garin ya san yawancin mutanen nan masu yawon buɗe ido ne, da yamma za su tafi, gidan maƙwabcinsa kuma ya koma masaukin kwana biyu.

Saboda haka in abokinka ya ce gari ya lalace, ka tambaye shi me ya ɓace. In ya ce da an fi nishaɗi, da waƙoƙi sun fi daɗi, ka yi murmushi, kewa ce. In ya ce gidan da aka haife shi an sayar, 'yan'uwansa duk sun koma bayan gari saboda haya ta fi ƙarfinsu, yanzu sai ya hau mota biyu kafin ya gaida mahaifiyarsa, to wannan asara ce ta zahiri, ka saurara da kyau. Yadda abin ke faruwa ba ɓoyayye ba ne. Ayyuka masu albashi su shigo unguwa, masu albashin su biyo, mai gida ya ga akwai wanda zai biya fiye da tsohon ɗan haya, sai ya ƙara kuɗi ko ya ba da notis. Mai shago ma hayarsa ta tashi, ya rufe, a buɗe wanda ya dace da aljihun sababbin zuwa. Wata masaniyar zamantakewa, Ruth Glass, ta rubuta yadda hakan ke cinye unguwannin ma'aikata a Landan tun 1964, kuma har yau salon bai sauya ba. Abin da ba daɗin ji shi ne, kai ma kana cikin lissafin. Hayar da ka biya ba tare da ciniki ba, don kana sauri ka samu wurin kwana kafin ranar fara aiki, ita mai gidan zai kafa wa na gaba. Ba laifinka ba ne, amma ka san dalilin da wani lokaci gaisuwar tsofaffin unguwa ke zuwa da sanyi.

Akwai abu guda da na ga ya fi raba mutanen biyu, kuma abin mamaki, magana ɗaya suke faɗa. Baƙo ya ce: nan ba wanda ya san ni. Ɗan gari ya ce: yanzu ba wanda ya san ni. Na farko da farin ciki yake faɗa, don ya fito daga inda kowa ya san uban kowa, inda ba ka isa ka sauya sana'a ko ka yi kuskure ba sai an yi da kai. Birni ya ba shi damar ya fara sabon shafi. Na biyu kuwa ya taso a layin da in ya yi rashin ji maƙwabci zai hukunta shi kafin labari ya isa gida, in an yi rasuwa layin gaba ɗaya ya tsaya. Yanzu ya fito ƙofar gidansu ya ga fuskokin da ba su san sunan kakansa ba, ba su kuma damu su sani ba. Abin da ka samu a matsayin 'yanci, shi a wajensa maraici ne. Ban ga yadda za a yi musu a kan wannan a gama ba.

Shi ma ɗan garin akwai abin da ya shige masa duhu. Bai taɓa neman ɗaki ba tare da mai tsaya masa ba. Bai san wulaƙancin dillali ba, ko a ce sai ka kawo wanda ya san ka kafin a ba ka aiki. In aiki ya ƙare masa, akwai ɗaki a gidan iyaye. Kai in naka ya ƙare, sai tasha. A China ma abin a rubuce yake: tsarin rajistar mazauna ya daɗe yana hana ma'aikacin da ya zo daga ƙauye samun makarantar gwamnati ga 'ya'yansa da sauran hidimomi daidai da haifaffen birni, alhali shi ya gina benayen. Shenzhen, da aka mayar yankin tattalin arziki na musamman a 1980, ta haura mutum miliyan 17 a ƙidayar 2020, kusan dukkansu zuwa suka yi ko iyayensu suka zo. Istanbul tana da kimanin miliyan 1 a 1950, yau ta wuce miliyan 15. A irin waɗannan birane, in ka tona asalin mai cewa baƙi sun cika gari, sau da yawa za ka tarar kakansa ma da ƙunshin kaya ya sauka. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce tun wajen 2007 mazauna birane suka haura rabin mutanen duniya, kuma ba haihuwa kaɗai ta kawo hakan ba.

Wani abin dariya kuma, baƙo yakan fi ɗan gari yawo a garin. Shi ɗan gari hanyoyinsa uku ne ko huɗu, gida, aiki, gidan dangi, kuma yana iya tsufa bai taɓa shiga gidan tarihin da ke bayan layinsu ba. Kai da ba ka da kowa, ranar hutu sai ka hau mota har ƙarshen layinta don ka ga inda ta tsaya. Ka fi shi sanin faɗin garin, ya fi ka sanin zurfinsa.

Zurfin nan kuwa kana buƙatarsa, don da ɗan gari kan ci gari. Shi ya san unguwar da asalinta fadama ce aka cike aka yi gini, wadda duk kyan fentinta ruwa zai shiga ɗaki in damina ta yi ƙarfi. Ya san layin da ake yawan rikicin fili, da inda aka daɗe ana raɗe-raɗin za a faɗaɗa titi a rushe gidaje, da hanyar da ba a bi bayan dare ya yi. Ba dillalin da zai gaya maka waɗannan. Don haka maimakon ka tsaya kare birnin duk lokacin da suka fara, ka ce wa ɗaya daga cikinsu ya zagaya da kai unguwar da ya taso wata ranar hutu, ya nuna maka me ke ina a da. Za ka ga ya saki jiki, don yawanci abin da yake nema ke nan, wani ya yarda cewa akwai abin da ya taɓa kasancewa a wurin. Kafin ka sabunta haya ko ka sa kuɗi a fili kuma, ka kai masa sunan unguwar ka ji me zai ce.